Izinin Fatar Baki

Ku da kuke bin labarin nan nawa, yau sai kun yi haƙuri da ni, don babu zuma a bakina. Ina rubutu raina a ɓace, kuma ba tsoro ba ne, haushi ne. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo kwanaki tana cewa in rage zafi, wai mace da sanyi aka san ta, na gode 'yar'uwa. Gyara zama ki ji inda sanyi ya kai ni.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni ce auta a ɗakin Ummanmu, kuma sana'ata gwajin tsaron kwamfuta. Kamfani ko makaranta ko asibiti su kira ni, in yi ƙoƙarin kutsawa cikin na'urorinsu kamar yadda ɓarawo zai yi, in na sami kafa in nuna musu su toshe kafin ɓarawon gaske ya zo. Kamar mai gida ne ya kira maƙeri ya ce, zo ka girgiza min ƙofofin nan mu ga ko akwai wadda za ta buɗe. Na yi wa Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinmu, wannan bayanin har bakina ya gaji. Amma har gobe in za ta gabatar da ni cikin mutane sai ta rage murya ta ce ita ce mai irin aikin 'yan damfarar nan, sai dai ita da ilimi take yi.

Na bar aikin albashi a wani kamfanin sadarwa, na kama ɗaki a saman wani shagon buga takardu. Teburi ɗaya, kujeru biyu da ba su haɗa dangi ba, fanka mai ƙara kamar injin niƙa, da allon sunan kamfanina da har yanzu yake jingine a bayan ƙofa. Wadda ta tsaya min a wannan harka ita ce Barista, ƙawata tun makarantar kwana, lauya mai bakin reza. Ita ta tsara min takardar izini: wane ne mai na'urorin, me aka yarda in taɓa, daga yaushe zuwa yaushe, sannan sa hannun mai wurin a ƙasa. Tun ranar farko ta gaya min cewa a idon doka bambancina da ɗan kutse ba niyya ba ce, takardar nan ce kawai, domin alƙali ba ya buɗe ƙirji ya leƙa zuciya. Har ta rubuta min a ɗan kwali ta manna a murfin laftof ɗina: ba sa hannu, ba taɓawa.

Sai kuma shi. A wayata sunansa Ruwan Randa, don ban taɓa ganin mutum mai sanyinsa ba. Dogo ne mai gilashi, irin wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Likita ne a asibitin mahaifinsa, wani asibitin kuɗi mai yawan jama'a. Manya sun riga sun shiga maganarmu. Umma kuwa in ya zo gaishe ta, kofunan da ke cikin kabad ɗin gilashi take fito masa da su, waɗanda mu 'ya'yanta ba mu taɓa sanin ɗanɗanon ruwa a cikinsu ba.

Shi ne ya zo min da maganar. Mahaifinsa, Alhaji, ya ji labarin wani asibiti da 'yan kutse suka kulle wa na'urori har aka rasa takardun marasa lafiya, hankalinsa ya tashi, ya ce a kawo masa yarinyar nan ta duba nasu. Ranar na kusa taka rawa a ofis. Babban aikina na farko, kuma daga gidan da zan shiga. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Da zan tafi, Umma ta tsare ni a ƙofar ɗaki. Ta sa na cire rigar ofis, na sa doguwar riga mai ruwan ƙasa mai ɗan aiki a bakin hannu, ta zaɓo min mayafi mai kauri da takalmi marar tsini, ta fesa min turarenta da kanta. Sai idonta ya faɗa kan fayil ɗin da ke leƙowa daga jakata. Da na gaya mata takardar da Alhaji zai sa wa hannu ce, ta zauna a bakin gado kamar an zare mata laka.

"Surukin naki za ki miƙa wa biro, Auta? Kin ɗauke shi maƙaryaci ke nan?"

Na ce ƙa'idar aiki ce, kowa ma haka nake yi masa. Ta ce ai shi ba kowa ba ne. Ta ce maganar dattijo ta fi tambarin hukuma, kuma in har nonon da na sha yana da daraja a wurina, kada takardar nan ta ga hasken falon mutane. Amma ban cire ta daga jakar ba.

Falon Alhaji irin wanda ƙafa take nutsewa a kafet ne. Manyan kujeru masu ruwan zuma, labule har ƙasa, agogon bango da ya tsaya ba wanda ya kula, da hoton ranar buɗe asibitin a cikin firam. Mu uku ne kacal: Alhaji a kan doguwar kujera da carbi a hannu, ni a ƙasa a gefen kafet, Ruwan Randa a durƙushe yana zuba shayi. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Alhaji ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya ce in duba komai da komai, daga kwamfutar karɓar baƙi har shafin da marasa lafiya suke duba sakamakon gwajinsu a waya. Ya ce in shiga duk inda ɓarawo zai iya shiga, kada in ji kunyar kowa, in kawo masa abin da na gani shi kaɗai. Na yi godiya. Sannan na daure, na zaro takardar, na ajiye a kan ɗan teburin da ke gabansa da hannu biyu, na ce Baba, ga 'yar ƙa'idar da muke cikawa.

Ya ɗaga ta, ya karanta layin farko, ya yi dariya har carbin ya faɗi.

"Tsakanin uba da 'yarsa har da takarda? Ke 'yata ce. Ni na ce ki yi, ga ɗan'uwanki nan yana ji. Mayar da abarki jaka."

Ya turo min ita da yatsa ɗaya. Na kalli Ruwan Randa. Ya ɗan girgiza min kai, irin girgizar nan ta don Allah ki bar maganar, ya miƙo min kofin shayi. Na ji muryar Barista a kunnen dama, muryar Umma a kunnen hagu. Na ninke takardar na mayar. Shayin ma bai ji sukari ba.

Na san abin da wasunku za su rubuto: ke da iliminki? E, ni da ilimina. Ku zo ku zauna a kan kafet ɗin surukinku, ya kira ku 'yata, ku ce masa a'a sai ka sa hannu, sannan mu yi magana. Da na gaya wa Barista a waya sai ta ce aƙalla in tura wa Alhaji saƙo a rubuce ya amsa da "to". Na tura. Ya kira ni a maimakon ya rubuta, ya ce Allah ya yi min albarka, in fara kawai. Alhaji ba ya rubuta saƙo, kowa ya sani.

Na fara aikin, kuma abin da na gani shi ne asalin haushina.

Ban fasa komai ba, jama'a. Babu abin fasawa. Kwamfutar karɓar baƙi, kalmar sirrinta tana rubuce a jikin filasta an manna a ƙasan allon, inda duk mai zuwa yankar kati zai iya karantawa. Kalmar kuma sunan asibitin ce. Ma'aikatan da suka bar aiki tun tuni, har yanzu ƙofarsu ta shiga a buɗe take. Amma wanda ya sa na tashi tsaye na zaga ɗakin ina salati shi ne shafin sakamakon gwaji. In an turo maka adireshin sakamakonka a waya, akwai lamba a ƙarshensa. Ka canza lambar nan, ka ƙara ɗaya ko ka rage ɗaya, sai ga sakamakon wani mutum daban a gabanka, da sunansa, da lambar wayarsa, da cutar da ke damunsa. Gwajin ciki. Gwajin jini irin wanda mutum ko uwarsa ba ya gaya wa. Duk a shanye a titi kamar wanki.

Na gwada kaɗan don in tabbatar. A cikin kaɗan ɗin nan sunan Gwaggo ya fito. Ban karanta ba, na rufe da sauri, na kifa laftof ɗin, na daɗe zaune hannuna a kan baki.

Wannan shi ne abin da ke ci min rai da mutanenmu. Mu sayi ƙofar ƙarfe, mu ɗauki mai gadi, mu sa kwalabe a kan katanga, amma sirrin matan mutane mu bar shi inda yaro mai wayar aro zai iya ɗauka. In ka yi magana a ce Allah zai kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma shi ya ba mu hankali, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wannan ba tsagewa ba ce ma, babu bangon.

Na rubuta rahoto mai sauƙi, ban sa sunan majinyaci ko ɗaya ba. Na jera abin da na gani da yadda za a gyara, na ce shafin sakamakon nan a rufe shi yau, ba gobe ba. Na sa a ambulan na manne, na kai wa Alhaji hannu da hannu. Ya sa min albarka, ya ajiye a ƙarƙashin rimot.

Kwanaki suka wuce, shiru. Na duba shafin daga waje, yana nan a buɗe. Na rubuta wa Ruwan Randa: "Baba ya karanta kuwa?" Ya amsa: "Ya ba wa mai kula da kwamfutocin. Kwantar da hankalinki, gimbiya." Da ɗan hoton fure a ƙarshe. Ni ina maganar gobara, shi yana turo min fure.

Mai kula da kwamfutocin nan shi ne Mai Kwangila, tsohon abokin Alhaji, wanda ya haɗa musu na'urorin tun farko kuma yake karɓar kuɗin kula da su duk shekara. Rahotona ya tona masa asiri ba tare da na ambaci sunansa ba. Ya kira ni da rana tsaka ina ofis, ko sallama babu. Ya tambaye ni wa ya ba ni izinin shiga tsarin da ya gina. Na ce mai asibitin. Ya ce in turo masa takardar. Da na ce izinin baki ne, sai na ji murmushinsa ta cikin wayar. Ya ce yarinya, kin san akwai doka a kan kutse kuwa? Ya ce ya riga ya nuna wa Alhaji cewa in maganar nan ta fita, hukumar da ke kula da sirrin bayanan jama'a asibitin za ta fara kamawa, ba shi ba, sai dai in an nuna cewa wata ce ta fasa musu daga waje.

Wata. Ni ke nan.

Washegari wani ɗan sanda cikin farin kaya ya hawo matattakalar shagon buga takardu, ya miƙa min takardar gayyata zuwa sashen binciken laifukan intanet. Masu shagon ƙasa duk suka fito suna kallo. Na kira Alhaji bai ɗauka ba. Na sake kira, a kashe. Daga baya Barista ta samo abin da ya gaya wa masu binciken: wai shi cewa ya yi in duba masa kwamfutar ofishinsa da take nauyi, bai san na wuce nan ba, yaran zamani ne da rawar kai.

Dattijon da maganarsa ta fi tambarin hukuma.

Da na koma gida na tarar da takalman Gwaggo a ƙofar falo, na san an kafa kotu. Tana zaune a kujerar marigayi Babanmu, wadda ba mai zama a kai sai ita, jakarta a cinya, mayafinta ya zame kafaɗa don tsabar masifa. Umma na gefe idonta ya yi ja. A kan teburin tsakiya, kusa da farantin biskit da ba wanda ya taɓa, akwai wata farar takarda da biro a kanta.

Gwaggo ta fara tun daga ranar da aka haife ni. Ta ce tun ina rarrafe take gaya wa Umma yarinyar nan idonta a tsaye yake. Ta ce ga shi na bar aiki mai albashi na je ina leƙen asirin mutane, har na kai ga gidan da za su rufa min asiri. Ta ce amma Alhaji mutumin kirki ne, ya aiko da mafita: in sa hannu a wannan takardar ban haƙuri, in rufe wannan shagon tsiya, Mai Kwangila ya janye ƙara, maganar aure ta ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Na ɗauki takardar na karanta a tsaye. Layi na biyu yana cewa na amince na shiga na'urorin asibitin ba da izinin kowa ba, bisa kuskure da ƙuruciya.

Dariya ta kuɓuce min, irin wadda ba daɗi a cikinta. Na ce Umma, ashe dai ana sa hannu tsakanin uba da 'yarsa.

Umma ta kau da kai. Gwaggo ta ce in rufe mata baki, fitsararriya. Na ce Gwaggo, ke ma asibitin nan kike zuwa, ba ki damu ba in wani ya ga takardunki? Ta ce ita ba ta da abin ɓoyewa, kuma wa zai zauna yana neman takardun tsohuwa. Na kalle ta. Kalma ɗaya ce a bakina da za ta sa ta zauna shiru har Magariba. Na haɗiye ta. Amanar aiki ce, ko da wadda ake riƙe wa amanar tana zagina.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa Barista. Amsarta ta shigo tun kafin in kai ƙofar ɗakina: "Kada ki kuskura. Wannan ba ban haƙuri ba ne, amsa laifi ne. Kina sa hannu sun gama da ke, ko su janye ƙara ko kada su janye, hukuma na iya ci gaba da kanta. Kuma ba kamfanin da zai sake ba ki aiki." Sai wani saƙon ya biyo: "Wa ke falon ranar, ban da ke da Alhaji?"

Na zauna a bakin gado ina kallon tambayar. Ta san amsar, so take in faɗa da bakina.

Umma ta shigo ta rufe ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna kusa da ni tana gyara min bakin ɗankwali, ta ce ita ta hana ni dagewa a kan takardar, ta sani, kuma abin yana cin ta. Amma ta ce in duba, ita mace ce da mijinta ya rasu, ba ta da wanda zai tsaya mata a gaban manyan mutane, kuma yaron nan yana sona. Ta ce wani lokaci mace tana sunkuyawa ne don iska ta wuce. Na ce Umma, in na sunkuya a nan ba iska ce za ta wuce ba, kaina za a taka, kuma shafin nan zai ci gaba da zama a buɗe da sunayen matan mutane. Ta share ido da gefen zane ta fita.

Da La'asar Ruwan Randa ya zo. Ya rubuto: "Ina waje." Ban canza kaya ba, ban shafa komai ba, na zura silifas na yafa mayafin da na samu a kan ƙofa. Yana jingine da motarsa a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidanmu, cikin farar riga da guga ta kwanta mata, sai dai idonsa ya faɗa kamar wanda ya kwana biyu a ɗakin tiyata. Ya miƙo min leda, wai ya biya ya sayo min irin cakulan da nake so. Na bar hannunsa a miƙe har ya gaji ya sauke.

Ya fara da cewa in fahimci Baba, tsufa ne da tsoro, asibitin nan shi ne duk abin da ya gina a rayuwarsa, kuma Mai Kwangila ya cika masa kunne. Ya ce takardar nan ta fatar baki ce kawai, ba wanda zai sake duba ta, in an ɗaura aure shi da kansa zai buɗe min wani ofishin da ya fi wannan, da na'urar sanyaya ɗaki. Na bar shi ya gama.

"Likita," na ce. Ban taɓa kiransa haka ba, sai da ya ɗago. "Ranar nan a falo, wa ya zuba shayi?"

"Auta, don Allah."

"Ka ji ya ce in duba komai da komai, ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To gobe da safe zan je gaban mai bincike. Zai tambaye ni ko akwai shaida. In ce akwai, ko in ce babu?"

Ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, abin da yake yi duk lokacin da yake so ƙasa ta tsage. Ya ce mahaifinsa ne fa. Ya ce in ya tsaya a gaban hukuma ya ƙaryata uban da ya haife shi, da wane ido zai koma gidan, da wane ido ƙannensa za su kalle shi. Na ce ban ce ya ƙaryata kowa ba, cewa na yi ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Na ce kai likita ne, kullum mata suna kwance a gabanka suna gaya maka abin da ba su gaya wa mazajensu ba, saboda sun yarda da kai, kuma ka san yanzu haka sirrinsu yana waje. Wannan bai hana ka barci ba, sai fushin Baba?

Ya mayar da gilashinsa. Wani mai sayar da kayan gwari ya turo kurarsa ya wuce mu yana kallo. Na ce masa ba zan sa hannu ba, ko da auren zai tashi, kuma ban roƙe shi komai ba. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, na san irin inuwar da nake shirin zama a ƙarƙashinta. Na juya na shige gida. Ledar cakulan na tarar da safe a rataye a hannun ƙofa, tururuwa sun riga ni.

Har gari ya waye ba saƙo daga gare shi. Na duba wayar har na ji haushin kaina.

Na sa baƙar rigar ofis ɗina, wadda Umma ta cire min ranar nan, na ɗaura farin ɗankwali, na saka laftof da rahoton a jaka, har da takardar izinin da ba a sa wa hannu ba, da alamar ninkin da na yi mata a falon Alhaji. Umma tana tsaye a ƙofar kicin. Da na kai ƙofa sai ta zo ta gyara min wuyan rigar, ta tofa min addu'a a ka.

Ofishin mai binciken ƙaramin ɗaki ne mai kabad ɗin ƙarfe da fayil-fayil har saman taga. Na lura kwamfutarsa ma akwai 'yar takarda manne a gefen allon, na kau da idona, ba shi ya kawo ni ba. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Mai Kwangila yana zaune a gefe ɗaya cikin babbar riga, yana kaɗa makullin mota, turarensa ya cika ɗakin. Ni da Barista muna ɗaya gefen.

Na faɗi komai yadda ya faru. Mai binciken ya juya takardar izinin gaba da baya, ya ce tsari mai kyau, saura abu ɗaya. Mai Kwangila ya yi 'yar dariya ya ce ai abu ɗayan shi ne komai, ranka ya daɗe, kowace ɓarauniya ma tana iya buga takarda a shagon da ke ƙasan ofishinta. Barista ta taka min ƙafa a ƙarƙashin teburi don kada in tanka. Da ƙyar na riƙe harshena.

Mai binciken ya ce doka ba ta hana izinin baki ba, amma wanda aka ce ya bayar ya musanta, don haka maganata ce da tasa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ji.

Na buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ruwan Randa ne, rigar jiya ce a jikinsa, ta yamutse, babu gilashi. Ya yi sallama a hankali, ya gaishe da mai binciken, ya gaishe da Mai Kwangila yana kiransa Kawu, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Akwai kujera a gefen Mai Kwangila, akwai wata a gefenmu. Bai zauna a ko ɗaya ba. Mai Kwangila ya washe baki ya ce yawwa ɗana, zo ka gaya musu, Alhaji ne ya turo ka ko?

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ciro ta, kuma daga inda nake ina hango sunan da ke kan allon: Baba. Ya kalle ta har ta kusa katsewa, sannan ya kifa ta a kan teburin mai binciken.

Mai binciken ya tambayi sunansa da alaƙarsa da mai asibitin, ya rubuta. Sannan ya ce, ranar da wannan baiwar Allah ta je gidanku, kana wurin?

"Ina wurin. Ni na zuba musu shayi."

"Me ka ji mahaifinka ya ce mata?"

"Ya ce ta duba komai da komai, har shafin sakamakon gwaji. Ya ce ta shiga duk inda ɓarawo zai iya shiga. Ta kawo takardar nan ya sa hannu, ya ce tsakanin uba da 'yarsa babu takarda." Muryarsa ta ɗan karye. "Ni na yi mata alama ta mayar da ita jaka."

Makullin Mai Kwangila ya daina kaɗawa. Barista ta matse min hannu har sai da zobena ya shige min fata. Ni kuwa ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, don ina kallon bayan wuyansa yana zufa, na san abin da ya ajiye a kan teburin nan ya fi waya.

Mai binciken ya juyo da takardar bayanin, ya miƙa masa biro, ya ce ya karanta ya sa hannu a ƙasa. Ya karɓa. Bakin biron ya taɓa takardar ke nan na ji ƙarar carbi a bayanmu. Ba wanda ya rufe ƙofar tun shigowarsa.

Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Bai kalle ni ba, bai kalli abokinsa ba. Ɗansa kawai yake kallo, da biron da ke hannunsa.

"Ci gaba mana," ya ce a hankali. "Sa hannun, ina kallo."